A Sawun Ummu Kulsum, Daga Ƙauyen Tamay Zuwa Alƙahira

Idan ka shiga tasi a Alƙahira ka ce wa direba "Ummu Kulsum" ka yi shiru, to ka bar masa zaɓi ne. Sunan shahararriyar mawaƙiyar Masar ne, kuma akwai titi mai wannan suna, akwai otal, akwai mutum-mutumi, akwai gidajen shayi, akwai kuma gidan tarihi, kuma ba wuri ɗaya suke ba. Ni Zamalek aka kai ni, gindin wani dogon bene, alhali gidan tarihin nake nufi, shi kuwa yana can kudu a bakin tsibirin Rauda. Maganin wannan shi ne ka ce "Mikyas an-Nil", wato ma'aunin ruwan Nilu, domin a harabarsa gidan tarihin yake. Kada ka ce "fadar Manyal", wannan wata fada ce daban a arewacin tsibirin, ta Yarima Muhammad Ali. Wadda kake nema ita ce Manastirli. Sunan mawaƙiyar kuwa ba zai ba ka wahala ba: yadda muke kiran 'ya'yanmu Kulsum da "s", haka Misirawa suke furta shi. Sai dai su sun fi ce mata "es-Sitt", Uwargida ke nan, kuma kowa ya san wadda ake nufi.

Shirin tafiyar ba shi da yawa. Biza a gida ake nemanta kafin a tashi, kuma a riƙe katin allurar rigakafin shawara a hannu, ba a cikin akwatin da aka auna ba. Daga Kano jirgi yana kai mutum kai tsaye cikin awa huɗu da ɗoriya. Na tafi a watan Fabrairu, lokacin da sanyin Alƙahira yake kamar tsakiyar hunturu amma da laima, don haka rigar sanyi mai kauri dole ce. Kwana huɗu sun isa a ga komai ba tare da gaggawa ba, ɗaya daga ciki na ƙauye.

Na fara da ƙauyen, domin wanda bai ga inda ta fito ba ba zai gane girman abin da ke cikin gilasai a gidan tarihin ba. Sunansa Tamay az-Zahayra, a gundumar Sinbillawen ta lardin Daƙahliyya, can cikin fadamun da Nilu yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Hanya biyu ce: jirgin ƙasa daga tashar Ramsis zuwa Mansura, kimanin kilomita 120, ko ƙaramar bas daga tashar Abbud. Ƙaramar bas ba ta da lokaci, sai ta cika take tashi, irin tamu dai. Daga Mansura sai ka nemi motar Sinbillawen, daga nan kuma tuktuk, wato keke napep ɗinsu, ya ƙarasa da kai. Ka fita da asuba. Kuskuren da ake yi shi ne a bar Alƙahira da hantsi, a isa ƙauyen da la'asar, sannan a yi ta neman motar dawowa cikin duhu.

Hanyar kore ce shar a wannan watan: alkama, da ciyawar barsim da suke yanka wa dabbobi, da magudanan ban-ruwa a miƙe, da baƙaƙen ɓaunayen gida suna kwance a gefe. Ƙauyen kansa ba shi da abin kallo. Gidajen jan bulo masu ƙarafa a tsaye a saman rufi, ana jiran kuɗin ƙara wani hawa, su suka maye gurbin na ƙasa. Kada ka sa rai da wani katafaren wurin ziyara. Mutanen garin sun saba da baƙo mai tambayarta, za su nuna maka unguwar danginta, amma gidajen mutane ne masu rai, a yi sallama, a nemi izini kafin a ɗaga waya a ɗauki hoto.

A nan aka haifi Faɗima 'yar Shehu Ibrahim al-Baltaji, wadda duniya ta sani da Ummu Kulsum. Shekarar haihuwarta an saɓa, wasu na cewa ƙarshen 1898, wasu kuma Mayun 1904. Mahaifinta limamin masallacin ƙauyen ne, abin hannunsa kaɗan, don haka yakan je bukukuwan aure da na maulidi yana rera yabon Manzon Allah a ba shi abin da ya samu. Ɗansa Halid yake koya wa, ita kuwa tana gefe tana haddacewa. Da ya ji ƙarfin muryarta sai ya sa ta cikin ayarin, amma da rigar maza da rawanin Larabawan ƙauye, don kada a ce liman yana yawo da 'yarsa tana waƙa a gaban jama'a. Ta kuma yi makarantar allo, wadda su suke kira kuttab. Wannan karatun shi ne jarinta na farko, kuma duk wanda ya yi tajwidi zai ji shi a waƙarta: kowane harafi yana fita daga mafitarsa, madda tana cika, kuma ba ta yanke numfashi a tsakiyar kalma. Shekaru ta yi tana zaga ƙauyukan wannan yanki a ƙafa, a kan jaki, da jirgin ƙasa mai arha, tana waƙa ba lasifika a filin da ya cika da manoma. Muryar da ta saba isa ƙarshen taro da ƙarfinta, ita ce daga baya ake matsar mata da makirfo nesa don kada sautin ya fashe.

Washegari na nufi Rauda. Hanya mafi sauƙi ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na ɗaya, ka sauka a tashar al-Malik as-Salih, ka haye gada zuwa tsibirin, ka yi kudu har titi ya ƙare. A tsakiyar kowane jirgi akwai taragun mata zalla, namiji ya duba alamar da ke kan dakalin tashar kafin ya afka. Ka je da safe, domin wurin ba ya kaiwa magariba a buɗe. Tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa tsada, na ma'aunin Nilu daban yake da na gidan tarihin, kuma ka riƙe katin banki da ƙananan fam duka biyu, saboda wasu wuraren tarihi a Masar yanzu kati kawai suke karɓa.

Ma'aunin ya cancanci minti ashirin. Rijiya ce ta dutse da aka gina a shekarar 861, zamanin Halifa Mutawakkil, da ginshiƙin marmara a tsakiya mai zane-zanen awo. A da, idan ambaliya ta kai zira'i 16, shekara ta yi kyau, kuma da shi ake yanka haraji a wancan zamani.

Gidan tarihin ƙarami ne, an buɗe shi a ƙarshen 2001, kuma mai sauri zai gama shi cikin rabin awa. Kada ka yi sauri. Dogayen rigunan da take sawa a dandamali suna jere, masu dogon hannu, a rufe har ƙasa. Ga baƙin tabarau mai duwatsu, ga jinjirin wata na lu'ulu'u da take maƙalawa a ƙirji, ga adikon da ba ta waƙa sai da shi a hannu. Tabarau ɗin ba ado ba ne tun asali: ciwon maƙoshi da ta yi fama da shi ne ya taɓa idanunta, hasken fitilu ya riƙa damun ta, har sai da aka kai ta Amurka jinya a farkon shekarun 1950. Akwai lambobin girma na ƙasashe da dama, da fasfonta na diflomasiyya, da tsofaffin rediyo da garmaho, da ɗakin sauraro, da ɗan ƙaramin ɗakin majigi. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne takardu: wasiƙu da rubutattun baitoci. Jama'a suna wuce su su tafi wajen riguna, alhali nan aikin yake.

Ta tare a Alƙahira wajen 1923, kuma da farko 'yan birni sun yi mata kallon 'yar ƙauye mai waƙar maulidi, da mahaifinta da ɗan'uwanta a baya suna amshi ba kiɗa. Cikin shekara uku ta sauya komai. Ta zauna gaban Shehu Abul Ila Muhammad ta koyi rera ƙasida. Ta haɗu da mawallafin waƙa Ahmad Rami a 1924, wanda ya buɗe mata diwanan Larabci, ya kuma rubuta mata waƙoƙi fiye da 100 a tsawon rayuwarta. A 1926 ta ajiye 'yan amshin gida ta ɗauki ƙwararrun makaɗa, abin da ake kira takht. Sallamar uba daga dandamali ba ƙaramin abu ba ne ga 'yar liman, amma ta yi.

Wanda yake son ganin kayan takht da idonsa ya je Cibiyar Kiɗan Larabawa da ke titin Ramsis, ginin da aka buɗe a 1929, inda aka yi babban taron kiɗan Larabawa na 1932. Kayan asali biyar ne. Akwai ud, molon Larabawa mai ƙaton ciki kamar rabin ƙwarya, yawanci tsarkiya 11, biyu-biyu sai ɗaya tilo, wuyansa sumul ba gaɓoɓi. Akwai ƙanun, wani faffaɗan akwati da ake ɗorawa a cinya, tsarkiyarsa kusan 78 an jera su uku-uku, da 'yan ƙananan maɓallan ƙarfe a gefe da makaɗi yake ɗagawa ko ya kwantar da hannun hagu yana cikin kiɗa. Sai nay, sarewar kara, wadda mai busa yake zuwa da guda shida ko bakwai saboda kowace da iyakar sautinta. Sai goge irin na Turawa amma an sauya ɗaurin tsarkiyarsa, sai riƙ, ɗan ƙaramin bandiri mai kacau-kacau, wanda shi ne yake riƙe da ma'aunin kiɗan gaba ɗaya. Dalilin wuyan ud sumul da maɓallan ƙanun ɗaya ne: kiɗan Larabawa yana da sautuka da suke faɗawa tsakanin maɓallan fiyano biyu. Tsarin hawa da saukar sautin shi ake kira maƙam. Bahaushe ba baƙonsa ba ne ko da bai san sunan ba. Wanda ya tashi yana jin ƙira'ar Abdulbasit ko Minshawi ya sha jin bayati da hijaz da saba da rast, kuma su ɗin ne dai take hawa.

Faifan garmaho na wancan zamani minti uku ne ko ɗan fiye a kowane gefe, ya yi wa mai irin salonta kaɗan. Rediyo ce ta kwance ta. Da aka buɗe gidan rediyon gwamnatin Masar a ranar 31 ga Mayu 1934 tana cikin waɗanda suka yi waƙa, kuma daga ƙarshen shekarun 1930 aka fara watsa wasanta kai tsaye a daren Alhamis ɗin farko na kowane wata a lokacin kakar wasanni. Haka aka yi ta yi har 1973. Zaɓen daren da hikima: washegari Juma'a ce, ba aiki, kuma farkon wata ne, albashi yana aljihu. Fina-finai shida ta yi tsakanin 1936 da 1947, ta bar harkar. Kwantiraginta da kamfanonin faifai da rediyo ita take zama ta yi cinikinsa, an kuma san ta da tsauri a kan kuɗi. Ta shugabanci ƙungiyar mawaƙan Masar shekaru da dama tun daga shekarun 1940, mace ɗaya a kan maza. Sarki Faruk ya ba ta lambar girma a 1944, kuma wannan kusancin ya sa bayan juyin mulkin 1952 aka ɗan dakatar da waƙoƙinta a rediyo, kafin Jamal Abdunnasir ya sa a mayar. Daga nan muryarta da tasa suka riƙa fita ta tashar Sautul Arab zuwa ƙasashen Larabawa duka.

Da yamma na bi titin Ƙasr an-Nil a tsakiyar gari don ganin silimar da take da wannan suna, inda ta yi yawancin wasanninta na ƙarshe, har da na Janairun 1973 wanda daga shi ba ta sake hawa dandamali ba. Daga waje gini ne kawai da ya ga jiya. Ɗaya wurin da takan yi wasa, gidan wasan lambun Azbakiyya, yana kusa da tashar Ataba, inda kasuwar tsofaffin littattafai take, kuma a can ake samun tsofaffin mujallu masu hotunanta idan ka iya ciniki.

Yadda daren yake gudana shi ne abin da ya kamata a fahimta, domin shi ne ya bambanta ta da mawaƙan yau. Ana ɗaga labule wajen ƙarfe goma na dare. Waƙa biyu ko uku ce kacal, da dogon hutu a tsakani, a kai har tsakar dare ta gota. Tana zaune a kan kujera, makaɗa suna kaɗa gabatarwa, wani lokaci minti goma, sai ta miƙe da adikonta, zauren ya ɗauki tafi. Waƙar da a rubuce ba ta wuce minti ashirin ko talatin ba sai ta kai awa guda. Ba jan rai take yi ba. Baiti ɗaya take ɗauka ta rera shi yadda aka tsara, sai ta dawo masa ta tsaya a kan wata kalma daban, ta sake dawowa ta ja wani harafi, ta zame zuwa wani maƙam ta komo gida. Masu sauraro su suke tuƙa ta: wani ya yi kabbara, wani ya ce a sake, wani ya miƙe ya yi mata kirari da "azama ala azama ya Sitt", wato girma a kan girma ya Uwargida. Makaɗa kuwa ba takarda suke kallo ba, ita suke kallo, da ta juya kai ko ta motsa hannu sun san inda za a koma. Wannan yanayin da mawaƙi da jama'a suke shiga tare shi suke kira ɗarab. Don haka mai son sauraro ya kiyaye abu ɗaya: kowace waƙa tana da ɗauka iri-iri. Akwai ta ɗakin ɗaukar sauti, gajera, a tsare, akwai kuma ta dandamali, wadda ake rubuta wurin da shekarar a jikinta. Ta biyun ake nema. Wanda ya ji guntun minti biyar a YouTube ya ce bai ga abin da ake zuzutawa ba, gabatarwa kawai ya ji, mai waƙar ba ta ko miƙe ba.

Ta ina za a fara? Wanda Larabcinsa na Islamiyya ne ya fara da ƙasidu, domin su da Larabcin littafi aka rubuta su, ba da harshen titi na Masar ba, inda jimun yake zama "g", ƙaf kuma ya ɓace. A shekarun 1940 ta rera waƙoƙin yabon Annabi na Ahmad Shauƙi, "Nahjul Burda" da "Wulidal Huda", da kiɗan Riyad as-Sunbati. Wanda ya san Burda ta Busiri zai gane ma'auni da amsa-amon ta farkon tun daga baitin buɗewa, domin a kan sawunta Shauƙi ya gina. Bayan su sai "al-Aɗlal" ta 1966, ita ma Sunbati ne, wadda aka haɗo baitocinta daga waƙoƙi biyu na Ibrahim Naji shekara 13 bayan rasuwarsa. A ganina ita ce ƙololuwa. Waƙar da ta fi shahara kuwa, "Inta Umri" ta Fabrairun 1964, ita ce haɗuwarta ta farko da mawaƙi kuma mai tsara kiɗa Muhammad Abdulwahab bayan shekaru suna kallon juna a matsayin kishiyoyi a sana'a. A cikinta jita mai lantarki ta shigo, kuma a shekarun nan ƙungiyar makaɗanta ta riga ta kumbura da gogaye masu yawa da manyan gogen Turawa na tsaye. Matashi Baligh Hamdi, wanda ya fara yi mata kiɗa a 1960, shi ya kawo mata saurin da samari suke so. Masu riƙo da tsohon salo sun yi ƙorafi, ni ma na fi son na Sunbati, amma da wannan sauyin ta riƙe sabon ƙarni na masu sauraro tana da shekara sittin da wani abu. Idan ka kalli hotunan wasanninta, duba bayanta kaɗan: mai ud ɗin nan Muhammad al-Ƙasabji ne, wanda ya tsara mata kiɗan da ya fito da ita a shekarun 1920, daga baya ta daina karɓar kiɗansa, amma ya zauna a bayanta yana kaɗawa har ya rasu a 1966.

Rana ta uku Zamalek. Layi na uku na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da tasha a unguwar, Safa Hijazi, daga nan ƙafa ta isa. Gidanta yana kan titin Abul Fida, bakin ruwa, yana kallon jiragen kwana da ke ɗaure a ɗaya gaɓar. Babu shi. An rushe shi 'yan shekaru bayan rasuwarta aka gina dogon bene da otal mai sunanta. A nan ta zauna da mijinta, likitan fata Hasan al-Hifnawi, wanda ta aura a 1954. Minti goma sun isa, har da kallon mutum-mutuminta da ke kusa da gada. Amfanin zuwa unguwar shi ne cibiyar al'adu ta Saƙiyat as-Sawi, a ƙarƙashin gadar 15 ga Mayu, wadda take raya al'adar Alhamis ɗin farkon wata ta hanyar ban dariya: 'yar tsanar es-Sitt da ta makaɗanta ake motsawa da zare, ana sa ainihin muryarta, jama'a kuma suna tafi suna kirari kamar tana raye. Idan tafiyarka za ta dace da farkon wata, ka sayi tikiti da wuri. Ƙungiyoyin kiɗan Larabawa kuma suna rera waƙoƙinta a gidan Opera da ke kudancin tsibirin da Zamalek take kansa, sai dai babban zauren yana da dokar sutura, kwat da laktaye ga maza, don haka mai kaftani ya tambaya tun wajen sayen tikiti.

Daga bakin ruwan gabashin tsibirin ana hango ginin rediyo da talabijin na Masbiro a tsallaken kogi, mai zagayayyen gindi da doguwar hasumiya. Rediyon Alƙahira yana da sashen Hausa tun da daɗewa. Gini ne mai tsaro, kada a nuna shi da kyamara.

Bayan yaƙin 1967 da Masar ta sha kashi, ta ɗauki ƙafa tana wasa tana zuba kuɗin a baitulmalin ƙasa. Ta yi dare biyu a zauren Olympia na Paris a Nuwamban shekarar, ta je Maroko, Tunisiya, Kuwait, Lebanon, Libiya. Sudan ta je a ƙarshen 1968, kuma daga wannan ziyara ta nemi waƙar ɗan ƙasar, aka zaɓi ta al-Hadi Adam, "Aghadan Alƙaka", ta rera a 1971. Tana Mosko a Satumban 1970 labarin rasuwar Abdunnasir ya same ta, ta dawo ba ta yi wasan ba.

Kaset ya zo bayanta ya gajarta waƙa, sannan tashoshin tauraron ɗan'adam suka mayar da ita minti huɗu da bidiyo. Wannan ita ce duniyar su Samira Sa'id da Nancy Ajram da Sherine, kuma su ne za ka fi ji a tasi da rana. Amma abu biyu ba su sauya ba. Ƙungiyar mawaƙan da ta taɓa shugabanta har yau ita take ba da izinin hawa dandamali a Masar, ita take kuma hanawa, kamar yadda ta dakatar da Sherine a 2017 saboda wata raha da ta yi game da ruwan Nilu. Na biyu, yarinyar da take son a yarda tana da murya, waƙar es-Sitt ake ba ta a gwada ta. Amal Mahir da haka ta fito. Da dare kuma, a gidajen shayi na Taufiƙiyya da bayan masallacin Husaini, tsohuwar muryar ce take dawowa, masu shisha suna girgiza kai. Ka ce "shay", kuma ka faɗi yawan sukarin da kake so tun farko, in ba haka ba za a kawo maka shi kamar zuma.

Rana ta ƙarshe na bi hanyar jana'izarta a ƙafa. Ta rasu ranar 3 ga Fabrairu 1975 bayan doguwar jinyar ƙoda, aka jinkirta jana'izar kwana biyu saboda baƙin da ke tahowa daga wasu ƙasashe. Daga masallacin Umar Makram da ke dandalin Tahrir aka fito da ita. Jama'ar da ta taru an ƙiyasta ta da miliyoyi, kuma taron ya ƙwace makarar daga hannun jami'ai, aka yi ta miƙa ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa na awanni har masallacin Husaini, daura da Azhar. Tafiyar kamar kilomita uku ce, ta Ataba da titin Azhar. Safiyar Juma'a ta fi dacewa, kafin a fito masallaci, lokacin da titunan suke fayau. A sauran ranaku kuwa tsallaka titi kaɗai aiki ne, dabarar ita ce ka raɓu da ɗan gari ka bi takunsa.

Kabarin yana maƙabartar Basatin, kudu da hubbaren Imam Shafi'i. Maƙabartun Alƙahira ba irin namu ba ne, unguwanni ne masu tituna, kowane dangi da shingensa mai katanga da ƙofa, wanda suke kira hosh, wasu ma da mutane a zaune a ciki. Taswirar waya ba ta da amfani sosai a lungunan. Ka ɗauki mota ka ce direba ya jira ka, domin samun ta dawowa daga ciki da wuya, ka tambayi masu gadin kaburbura "madfan Ummu Kulsum", za su nuna maka. Ƙofar yawanci a kulle take sai an kira mai mabuɗi, kuma ana ba shi ɗan alheri idan an fito. Ka je da rana tsaka, ba kai kaɗai ba in da hali, mace ta rufe kanta. A ciki akwai ɗan ɗakin zama na masu ziyara da ayoyi a bango. Na yi mata addu'a, mai gadin ya ja ƙofar ya mayar da kwaɗo, direba kuma ya ce mu yi sauri mu fita babban titi kafin a taso daga aiki hanya ta cushe.